Daga Matan Fada Zuwa Bahar Maliya: Tarihin Zama a Ƙarƙashin Ruwa

Ni mutumin Gulma ne, ta ƙasar Argungu, kuma kakana na wajen uwa masunci ne. Tun ina yaro nakan ji shi yana cewa ruwa gari ne, yana da unguwanni da hanyoyi, sai dai baƙo ba ya kwana. Wannan magana ita ta sa na bi diddigin waɗanda suka kwana ɗin.

Mu fara da gida. Kabawa da ruwa sun daɗe tare, tun zamanin Kanta a ƙarni na 16. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa su don girmamawa, watau mafarin bikin kamun kifin da Hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016. Cikin wasannin Kabanci akwai gasar nutso, inda ake duba wanda zai fi daɗewa a ƙasa. Masunci yakan shiga Matan Fada da homa da gora, ya lalubi kifi a maɓoyarsa. To, amma duk gwanintarsa, iyakarsa numfashi ɗaya.

Wannan iyaka ce wani Bafaranshe, Jacques Cousteau, ya nemi ƙetarewa. A 1962 ya nutsar da wani ɗaki na ƙarfe kusa da Marsai a Faransa, mutum 2 suka yi mako guda a ciki, a zurfin mita 10. A 1963 ya kafa ɗan ƙauye a Sha'ab Rumi, cikin Bahar Maliya, gaɓar ƙasar Sudan, inda ma'aikatansa suka yi wata guda suna ci suna barci, suna fita nazarin kifaye. A 1970 kuma Sylvia Earle ta Amurka ta jagoranci ayarin mata zalla, suka yi mako 2 a gidan Tektite.

Mai karatu zai ce, yaya ruwa bai cika ɗakin ba? Ɗauki ƙwarya ka kifa ta a kan ruwa, ka danna. Iskar da ke ciki ba za ta bar ruwa ya hau ba. Haka ɗakin yake, ƙofarsa a ƙasa take, a buɗe. Haɗarin yana wajen fitowa, domin jiki yakan sha iskar naitirojin saboda nauyin ruwa, in an taso da gaggawa sai ta yi kumfa a jini. Shi ya sa a 2013, da aka ceto Harrison Okene, ɗan Nijeriya mai dafa abinci da ya kusan kwana 3 cikin jirgin da ya nutse a teku, sai da aka tsare shi a ɗakin rage matsin iska kafin ya fito sarari.

Abin lura a nan shi ne, waɗancan mutane sun rubuta abin da suka gani, sun ɗauki hoto. Namu masanan kuwa, irin su Sarkin Ruwa da tsofaffin masunta, iliminsu yana ka: inda giwan ruwa ke kwanciya, lokacin da bargi ke yin sheƙa, gurbin da ba a taɓawa sai shekara ta kewayo. Ga shi tun da aka gina madatsun Bakolori a 1978 da Goronyo a 1984, ambaliyar da ke cika fadamarmu ta sauya. Kakana ya rasu ban rubuta ko shafi ɗaya daga bakinsa ba, abin yana damuna har yau.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ba sai mun gina ɗaki a ƙarƙashin Gulbin Rima ba. In an yi hutu, mu ɗauki littafi da alƙalami mu durƙusa gaban dattawan da suka rage. Allah Ya sa mu dace, amin.