Duk lokacin da bam ya tashi, sai a waiwayi niƙabi

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo. Wanda ke sauri ya ajiye shi sai dare.

Ranar Talata muna zaune ƙarƙashin bishiya muna jiran lokacin semina, gardama ta kaure tsakanin 'yan ajinmu. Wata 'yar'uwarmu mai sa niƙabi ce ta ba mu labarin yadda mai gadi namiji, a wata cibiyar jarrabawa, ya ce sai ta ɗage fuskarta a gaban dogon layi. Ta ɗage don kar jarrabawa ta wuce ta, amma ta ce har aka raba takarda hannunta na rawa. Wani ɗan ajinmu daga Takum, Kirista, wanda tare muke karatu tun shekarar farko, ya ce shi dai a ganinsa a hana rufe fuska baki ɗaya saboda tsaro. Wani Musulmi ya mara masa baya. Wata Kirista kuma ta ce ba ta yarda ba. Kun ga ke nan abin bai rabu ta inda mutum zai zata ba.

Ni hijabi nake sawa, ban taɓa sa niƙabi ba. Amma tunda mastas ɗina a tarihi nake yi, na ce bari in koma baya in ga inda aka taɓa gwada wannan hanin da abin da ya haifar.

Da farko dai, tsoron gaskiya ne, kar mu yi wa kanmu ƙarya. A watan Yunin 2014 wata mata ta tayar da bam a bakin barikin soja a Gombe, kuma ita ce ake lissafawa mace ta farko da Boko Haram ta yi amfani da ita haka. Ranar 30 ga Yulin wannan shekarar wata ta shiga cikin ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Kano suna duba sunayensu na bautar ƙasa, ta tashi da su. Ɗalibai fa, irinmu, a gaban allon sanarwa. Wani bincike da aka fitar a makarantar soja ta West Point a Amurka ya ƙirga 'yan ƙunar baƙin wake 434 daga Afrilun 2011 zuwa Yunin 2017, kuma 244 daga ciki mata ne. Don haka idan ɗan ajinmu ya ce yana fargaba, ba zan ce masa ƙin Musulunci ne ba.

Shekarar da abin ya zama doka a maƙwabtanmu ita ce 2015. Ranar 15 ga Yuni aka kai tagwayen hare-hare a N'Djamena, mutum sama da 30 suka mutu. Kwana biyu kacal gwamnatin Chadi ta haramta rufe fuska a duk ƙasar, har ta ba jami'an tsaro umarnin su kwashe na kasuwa su ƙone. Abin da ya tsaya mini a rai: maharan ranar 15 ɗin a kan babura aka ce sun zo. A watan Yuli Kamaru ta yi nata hanin a yankin Arewa Mai Nisa bayan harin Fotokol, sannan Nijar ta bi sahu a jihar Diffa.

To ya aka ƙare? Ranar 11 ga Yuli, ko wata guda ba a yi da kafa dokar Chadi ba, wani namiji ya rufe jikinsa da fuskarsa kamar mace ya tayar da bam a ƙofar babbar kasuwar N'Djamena, ya kashe mutum 15. Wannan labarin kowane ɓangare na iya ja. Masu son hani za su ce ga shi nan, ƙato ya ɓuya a niƙabi. Ni kuma abin da na gani shi ne doka na nan daram kuma bam ya tashi. A Kamaru ma hare-haren 'yan mata sun ci gaba a su Maroua da Kolofata da Mora bayan hanin.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ba a fuska ake ɗaura bam ba, a ƙirji da ƙugu ne. Babban hijabi na ɓoye shi, babbar riga ma haka, jakar goyo ta ɗalibi ma haka. Kuma da yawa daga waɗanda aka tura yara ne. UNICEF ta ce daga Janairu zuwa Agustan 2017 kaɗai an yi amfani da yara 83 a arewa maso gabas, 55 'yan mata. Yarinyar da aka sace aka ɗaura wa abu aka turo kasuwa, ko fuskarta a buɗe take, me ɗan sanda zai karanta a kai?

A nan gida maganar ta kai har bakin shugaban ƙasa. Ranar 30 ga Disamban 2015, a hirarsa ta farko da 'yan jarida a talabijin, marigayi Buhari ya ce idan hare-haren suka ci gaba to dole a duba hana hijabi. Waɗanda ke Facebook a lokacin za su tuna yadda aka kwana ana kai ruwa rana. Ƙungiyoyin Musulmi suka yi ca, fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce ba a hana komai ba. Daga nan maganar ta mutu. Amma ku lura, shi hijabi ya ambata, ba niƙabi ba. Wannan ne ke sa irina ɗar-ɗar: an fara da mai rufe fuska, kafin ka ankara an iso kan mai rufe kai.

Mu waiwayi Jalingo kanta. Ranar 30 ga Afrilun 2012 bam ya tashi kusa da ayarin kwamishinan 'yan sanda Mamman Sule, mutum 11 suka rasu. Ina sakandare lokacin, ban manta yadda iyaye suka yi ta rububin kwasar yara ba. A Afrilun 2022 wani ya tashi a Iware, bayan 'yan kwanaki wani a Nukkai, ISWAP ta ce ita ce. A duk rahotannin da na bi, ban ga inda aka ambaci mace mai niƙabi ba. Abin da tsaro ya ci a garuruwanmu babur ne: Maiduguri ta hana a 2011, Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, mu ma nan kun san yadda keke ya gaji babur.

Wani abin da ya ba ni mamaki, ko a Turai hujjar tsaro ba ta tsaya da ƙafarta ba. Faransa ta yi dokarta a 2010, ta fara aiki a Afrilun 2011. Da aka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, a 2014 ta bar dokar, amma bisa hujjar zaman tare. Game da tsaro cewa ta yi hani na baki ɗaya ya wuce kima, tunda ana iya cimma buƙata ta hanyar sa mace ta nuna fuskarta a inda ya zama dole. Sai ga korona a 2020, duk muka rufe baki da hanci muka shiga banki, har ana korar wanda bai rufe ba.

Akwai kuma tsohon tabo da ya sa maganar ke da zafi a wurinmu, wanda ɗan ajinmu na Takum ya ce bai taɓa ji ba. Wajajen 1797 Sarkin Gobir Nafata ya ga jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na ƙaruwa a Degel, sai ya yi shela: kar maza su naɗa rawani, kar mata su yi lulluɓi. Shi ma ta fuskarsa tsaron ƙasa yake yi, don tufafin ne ke nuna wane ne na Shehu. Hanin bai rage su ba. A 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, a 1808 Alƙalawa ta faɗi. Daga wannan jihadin ne masarautar Muri ta samo asali, ita kuma ta kafa Jalingon nan da muke zaune a 1893. Ba ina cewa gwamnatin yau Nafata ce ba, a'a. Ina cewa ne idan Bahaushe ko Bafulatani ya ji "a hana lulluɓi", akwai abin da kunnensa ke jiyowa wanda mai maganar bai nufa ba.

Amma mu ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Jarrabawa dole a san wa ya zauna. Ana rubuta wa wasu, kowa ya sani, kuma mai gadi yana da haƙƙin tabbatar da fuskar da ke kan kati. Malamanmu ma da suka yi saɓani kan ko niƙabi wajibi ne, sun yarda ana buɗe fuska don shaida idan buƙata ta kama. Ita 'yar ajin tamu ba ta ce kar a duba ta ba. Cewa ta yi mace ta duba ta, a gefe, daƙiƙa goma.

Don haka jiya muka rubuta takarda ta hannun wakilin aji, muna roƙon a ajiye ma'aikaciya mace da labule a ƙofar ɗakin jarrabawar da za mu fara nan da mako uku. Mutum 19 suka sa hannu. Na Takum ya ce shi har yanzu yana kan ra'ayinsa game da kasuwa da tasha, amma ya sa hannu, shi ne ma ya biya kuɗin bugawa. Wanda bai sa ba tukuna, takardar tana wurina har Juma'a bayan la'asar.