Yadda Baki Ya Tsere wa Alƙalami a Ingila

Duk malamin Turancin da ya taɓa duba takardun ɗalibai ya san inda jan bironsa yake ƙarewa. Yaro zai rubuta "there" inda ake son "their", ya sa "meet" a gurbin "meat", malam ya ja tsaki ya ce rashin karatu ne. Alhali rikicin ya girmi yaron da malamin da sama da shekara 500.

A 1476 ne wani falke mai suna William Caxton, wanda ya daɗe yana kasuwanci a birnin Bruges na ƙasar Beljiyam ta yau, ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a Westminster. Ya tarar kowane yanki da irin nasa Turancin. Shi da kansa ya ba da wani labari a 1490: iska ta yanke wa wasu fatake, jirginsu ya tsaya a bakin kogin Thames, suka sauka neman abin sawa a baka. Ɗayansu ya tambayi wata mata "egges", yana nufin ƙwai, ta ce ita fa ba ta jin Faransanci. Ran mutumin ya ɓaci, don shi ma bai iya Faransancin ba. Sai da wani ya ce mata "eyren" sannan ta gane. To wacce mai ɗab'i zai buga? Dole ya zaɓi ɗaya, kuma Turancin Landan ne ya yi rinjaye.

Abin da aka buga ya zauna daram a takarda, bakin jama'a kuwa bai tsaya jira ba. Daga wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi ta ƙaura. Da can "meet" da "meat" kowace da sautinta, a hankali suka haɗe. A zamanin marubucin nan Chaucer ana furta k ɗin "knight", wato barde, ana kuma kakaro gh ɗin daga maƙogwaro. Duka biyun suka faɗi daga baki, barde ya koma daidai da dare, "night". Haka ta faru da "write" da "right".

Bahaushe ma yana da irin tasa, sai dai a juye take. Garin da ake zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya a boko, baki ne yake raba su. Bature kuwa bakin ne ya haɗa, takarda take rabawa.

Masana suka ƙara wa wutar fetur. Don nuna cewa sun san Latin, suka cusa b cikin kalmar bashi, "dette" ta zama "debt", harafin da babu mai furta shi har gobe. Wannan kam karambani ne tsantsa. Su kuwa "their" da "there" ko dangi ba su haɗa ba a Ingila: ta farkon mahara 'yan Viking ne suka shigo da ita daga arewacin Turai, ta biyun 'yar gida ce tun tsohon Turanci.

Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755, mai kalmomi sama da 42,000, ya zo ya buga hatimi a kan yawancin wannan rubutu. A Amurka Noah Webster ya fito da nasa a 1828 ya yi 'yan gyare-gyare, ya cire u daga "colour". Sai rigima ta zama biyu. A Ingila "practice" suna ne, "practise" aikatau, a Amurka c ake sawa ko'ina.

Ɗalibin Kano ko na Kumasi da wayarsa take gyara masa rubutu da ƙa'idar Amurka, ya lura: littattafan makarantarsa tsarin Ingila suka gada, inda ake rubuta suna da c, aikatau da s.