Tattalin ruwan noman rani a arewacin Jihar Kano

Arewacin Jihar Kano, wato yankunan Ɗambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi, Minjibir da Ɓagwai, na daga cikin ƙasashen noma mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gonaki ƙanana ne, ba a barin su su huta, kuma damina ba ta wuce watanni huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. Saboda haka abincin gidaje da yawa ya rataya ne a kan lambu.

Tun fil azal manoman fadama da jigo suke ban ruwa. Gina madatsun ruwa ya kankama ne a zamanin Gwamna Audu Baƙo, 1967 zuwa 1975, kuma farin da aka yi a 1972 zuwa 1974 ya ƙara wa shirin ƙaimi. Daga wannan yunƙuri aka samu dam ɗin Tomas a yankin Ɗambatta, na Jakara a Wasai ta Minjibir, na Watari a Ɓagwai da na Gari a ɓangaren Kunci. Daga 1993 kuma shirin Fadama na ƙasa, da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi.

Ƙarancin ruwa ya fi tsananta a bazara, tsakanin Maris da Mayu. A lokacin zafin rana na ƙafar da ruwan dam, na rijiya kuma yana yin ƙasa. Ga yashi da laka da suke cike madatsun shekara bayan shekara, ga magudanan da suka tsattsage ko ciyawar kacalla ta toshe. Wanda gonarsa take kusa da bakin dam yakan sha ya ƙoshi, na ƙarshen magudana kuwa shi ke fara ganin shukarsa ta yi yaushi. A Jakara akwai ƙarin matsala, domin kogin na kwaso ruwan kwatamin birnin Kano da dagwalon masana'antun Bompai.

Maganin ƙarancin bazara tun kaka ake ɗaukarsa. Bayan ɗaukewar damina ake duba yawan ruwan da dam ya tara, sannan a yanke girman filin da zai iya ɗauka. Zaɓen iri ma yana da tasiri. Bisa ƙiyasin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, albasa na buƙatar milimita 350 zuwa 550 na ruwa kafin ta nuna, alkama 450 zuwa 650, shinkafar da ake tsare wa ruwa a fangali kuwa ta zarce su nesa ba kusa ba. Alkamar da aka shuka a tsakiyar Nuwamba takan ci moriyar sanyin hunturu, a girbe ta a Maris kafin zafi ya kai maƙura.

Sauran aikin na rabo ne. Inda ƙungiyar manoma ta tsayar da kwanakin kowane layi, aka yi gayyar yashe magudanai kafin a saki ruwa, aka kuma fara da na ƙarshe, rigima kan ragu. A cikin gona, daidaita ƙasan fangali, ban ruwa da sassafe ko yamma, zuba takin gargajiya da shimfiɗa ciyawa a gindin shuka duk suna tsawaita danshi. In ruwan ya gaza ainun, ana fifita shukar da ke fure ko ɗaukar 'ya'ya, domin a wannan gaɓar ƙishi ya fi karya amfani. Wajibi ne kuma lissafin ya haɗa da mashayar dabbobi da masunta, tunda dam ɗaya suke dogaro da shi.