Daga Kaskon Ƙosai zuwa Ɗakin Cin Abincin Jami'a: Nazarin Faɗaɗa Abincin Tsirrai ga Ɗaliban Tamale

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi batun ƙara yawan abincin tsirrai a wuraren cin abinci na manyan makarantun Tamale, ta hanyar nazarin abin da ake dafawa ana sayarwa a unguwar Gumani. Ta kwatanta manufar jami'o'in Turai da halin da ɗalibin arewacin Gana yake ciki. Binciken ya gano cewa kwanon ɗalibin Tamale ya riga ya cika da tsirrai, sai dai tuwo da shinkafa sun rinjayi wake da ganye. Abin da ake bukata shi ne a ƙara yawan dangin wake, a tsare ingancinsu, a kuma dawo musu da martabarsu.

Muhimman kalmomi: abincin tsirrai, wake, jami'a, Gumani, Tamale

1.0 Gabatarwa

Tun kafin gari ya waye, mai ƙosai a Gumani ta riga ta kai wakenta inji. Tana zaune gaban murhu tana buga ƙullu har ya yi fari ya tashi, sannan ta riƙa sakin sa cikin mai da ɗan cokali. Gefenta ga tukunyar koko mai citta da kanumfari. Cikin masu jiran layi akwai ɗaliban da suka kama ɗakin haya a unguwar, jaka a baya, suna sauri su sami keke mai ƙafa uku. Babu nama ko ƙwai a wannan karin kumallo, kuma babu wanda ya ji an rage masa wani abu.

Wannan hoto shi ne tushen tambayar maƙalar: idan jami'o'in duniya na neman hanyar ƙara abincin tsirrai a ɗakunan cin abincinsu, me wannan kira yake nufi a garin da gero da wake suka daɗe suna riƙe da ciki?

2.0 Dabarun Bincike

An bi hanyoyi biyu. Ta farko, bitar rahotanni da bincike da aka wallafa kan abinci da lafiya. Ta biyu, lura da irin abincin da ake sayarwa a bakin titunan Gumani, tare da rarraba shi bisa abin da aka haɗa shi da shi. An ɗora sakamakon kan manyan makarantun garin biyu: Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wato UDS, wadda aka kafa a 1992, mai harabobi a Dungu da Nyankpala, da kuma Jami'ar Fasaha ta Tamale.

3.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

A 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa kiwon dabbobi ke haifar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya. Wannan na cikin dalilan da suka sa sashen abinci na Jami'ar Kambirij ya cire naman shanu da na tumaki a 2016, Kwalejin Goldsmiths ta Landan kuma ta daina sayar da naman shanu a 2019. A 2021 ɗakunan cin abinci na jami'o'in Balin ta Jamus suka rage nama da kifi zuwa kashi 4 cikin ɗari na abin da suke dafawa.

Aikin da ya fi amfani ga wannan nazari shi ne na Emma Garnett da abokan aikinta, wanda ya fito a 2019. Sun bibiyi cinikin abinci sama da kwano 94,000 a kwalejoji uku na Kambirij. Da aka ninka abincin da ba nama, daga ɗaya cikin huɗu zuwa biyu cikin huɗu, cinikinsa ya ƙaru da kashi 41 zuwa 79 cikin ɗari. Ba a hana kowa nama ba, ba a yi wa kowa wa'azi ba; zaɓi kawai aka faɗaɗa.

To amma abincin wani gubar wani. Ɗalibin Turai nama ne ya yi masa yawa. A Gana kuwa, binciken lafiyar al'umma na 2022 ya nuna kashi 41 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 na fama da ƙarancin jini, kuma mafi yawan ɗalibai mata cikin waɗannan shekaru suke. Kwafo manufar Balin yadda take zai zama shan maganin cutar da ba ita ke damun mu ba.

4.0 Sakamako da Tattaunawa

4.1 Abin da ke ƙasa

Abincin Gumani ya kasu gida uku. Akwai na dangin wake: ƙosai, tubani, gari da wake, awara, da waakye, wanda sunansa ma daga kalmar Hausa ta wake ya fito, kuma karan dafi ne ke ba shi jan launinsa. Akwai na hatsi da doya: tuwon zafi, koko, wasawasa. Akwai kuma miyar ganye: ayoyo, alayyahu, kuka, yakuwa wadda Dagomba ke kira bra, duk da daddawa a ciki.

Tubani ya cancanci a tsaya a kansa. Garin wake ne ake kwaɓawa da ɗan kanwa, a naɗe a ganye, a turara, a yanka, a zuba man gyaɗa da soyayyar albasa da yaji. Ba ya son firji, ba ya son mai da yawa, kuma yana riƙe ciki har la'asar. Busasshen wake na ɗauke da furotin kimanin kashi 23 zuwa 25 cikin ɗari, waken suya kuwa ya kusa 40. Hatsi na da ƙarancin sinadarin laisin wanda wake ke da shi a wadace, wake kuma na da ƙarancin metiyonin wanda hatsi ke cike gurbinsa. Wato iyayenmu da suka haɗa koko da ƙosai sun riga kimiyya isa wurin.

4.2 Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce rabo. Idan kuɗi ya yi ƙasa, kamar a Disambar 2022 da hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, mai abinci kan ƙara shinkafa ta rage wake, ta tsinka miya. Ɗalibi ya ƙoshi, amma jikinsa bai samu ba.

Ta biyu ita ce martaba. A idon samari da yawa, wake abincin ƙarshen wata ne, soyayyar shinkafa da cinyar kaza kuwa alamar wayewa. Za ka ji ɗalibi na cewa, "Hajiya, yau babu kuɗin nama, sa mini wake kawai," da murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman afuwa. Wannan kunya ta fi tsadar wake illa.

Ta uku ita ce ajiya. Ƙwari na cinye wake a rumbu, wasu 'yan kasuwa kuma na zuba masa maganin da bai dace da abinci ba. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba kan kamu da gubar afalatoksin mai lalata hanta. Wake ɗaya kan ɓata gari, balle tukunyar da ɗaruruwan ɗalibai za su ci.

Ta huɗu ta shafi iyakar tsirrai kansu. Ba su da bitamin B12, kuma jiki ba ya shan sinadarin ƙarfen da ke cikinsu da sauƙi kamar na nama, musamman idan aka bi su da shayi. Don haka faɗaɗa abincin tsirrai a Tamale ba korar kifi da ƙwai da nono ba ne.

4.3 Damar da ke ƙofa

A Nyankpala, kusa da harabar UDS, akwai cibiyar binciken aikin gona ta SARI, wadda ta fitar da irin wake kamar Songotra da Padi-tuya, da irin waken suya kamar Jenguma da Afayak. Manoman yankin na noma su, kasuwar Aboabo na tara su. Bugu da ƙari, ɗaliban UDS kan yi zango na uku na shekarar karatu a ƙauyuka, inda suke zama da waɗannan manoma. Iri, gona, kasuwa da mai ci duk suna wuri guda. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

5.0 Shawarwari

Na farko, a sa cikin yarjejeniyar masu dafa abinci a haraba cewa rabin abin da za su fitar kullum ya ƙunshi dangin wake ko miyar ganye mai kauri, kuma a jera shi a gaba. Na biyu, a ba matan da suka ƙware a tubani da awara rumfuna masu ruwa da tsafta cikin haraba, domin ilimin yana hannunsu. Na uku, a sayi wake kai tsaye daga ƙungiyoyin manoma lokacin kaka, a adana a buhunan PICS masu ruɓi uku da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Na huɗu, a riƙa haɗa wake da ɗanyen tumatir ko lemo, domin bitamin C na taimaka wa jiki shan sinadarin ƙarfe. Na biyar, sassan nazarin abinci su riƙa lissafa cinikin kowane kwano zango-zango, don gyara ya tsaya kan hujja.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa abin da Kambirij ke ƙoƙarin koya wa ɗalibanta, mai ƙosan Gumani na yin sa kowace asuba. Abin da ya rage wa jami'o'in Tamale shi ne su shigo da wannan ilimi daga bakin titi zuwa teburinsu, su tsare yawansa da tsaftarsa. Ranar da ɗalibi zai ce a sa masa wake da cikakkiyar murya, ranar ce za a san aikin ya kama ƙasa.