Daga Kyallu Zuwa Delu: Wa Muke Yi Wa Dariya?

Mun daɗe muna dariyar auren kuɗi a littattafanmu. A 1960 aka buga wasan Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu. Attajiri ya ga karuwa, hankalinsa ya tashi, ya aure ta, ya wulaƙanta matansa na gida. Ita kuwa Kyallu ta tatse shi tas. Mun yi dariyar wautar Jatau, amma laifin a wuyan Kyallu muka rataya shi. Matan da aka wulaƙanta ba mu daɗe a ɗakinsu ba.

Sai zamani ya juya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira ta faɗi, albashin malamin makaranta ya daina kai shi ƙarshen wata. Saurayi mai takardar shaida ya koma kallon alhajin kasuwa yana ajiye mota a ƙofar gidan budurwarsa. A shekarun nan ne littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano, kuma yawancinsu kuka suka zaɓa. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, rijiya Sumayya ta faɗa don kada a ba ta mai kuɗin da ba ta so.

Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka yi wa aure tana yarinya ƙarama, ta ɗauko tsohon labarin Jatau ta sake masa zama. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990) Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori Rabi da 'ya'yanta tara. Wannan karon da Rabi muka fita. Muka ga tana dafa abincin sayarwa, tana lissafin kuɗin makarantar yara. Don haka da gobara ta cinye rumfar Alhaji a kasuwa, Delu kuma ta juya masa baya, dariyar da muka yi mai ɗaci ce, kuma shi muka yi wa. Delu ciniki ta zo yi, ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Abin da muke yawan tsallakewa idan muna yabon littafin shi ne yadda Rabi ta samu sauƙi. 'Yarta Saudatu ce ta auri wani attajirin, Alhaji Abubakar. Wato kuɗin miji ne ya rusa gidan, kuɗin suruki ya tallafe shi. Saudatu mai tarbiyya ce, mun yarda, shi ya sa ba ma kiran nata auren kuɗi. Sai mu ce rabo.

Ƙarshen ma bai bar mu mun sake ba. Da Alhaji ya tsiyace, Rabin da ya kora aka taru aka matsa wa ta koma ta riƙe shi. A 2012 littafin ya fito da Turanci a Indiya, fassarar Aliyu Kamal.