Yaran Kyaftin: Barorin Hafsoshin Jirgin Ruwa da Tarihi Ya Manta

Duk wanda ya taɓa tashi daga nan Gudu ya bi ta Gwagwalada da Abaji zuwa Lakwaja, ya san garin da Kwara da Binuwai suka haɗu. In ka tambayi wanda ya kafa zangon Turawa a can, za a ce maka Dakta Baikie, likitan sojan ruwan Ingila. To amma wa ya dafa masa abinci? Wa ya ɗauki kayansa, wa ya yi masa tafinta a gaban sarakuna? Waɗannan su ne barori, kuma labarinsu ya shafe mu, don akwai Hausawa a cikinsu.

A zamanin da babu inji, sai iska ce ke tura jirgi da manyan ƙyallaye, sojan ruwan Ingila na da wani tsari. Kyaftin yana da damar ɗaukar barori huɗu a kan kowane mutum ɗari da ke jirginsa, ƙananan hafsoshi kuma ɗai-ɗai. Gwamnati ce ke biyan albashin yaron, amma aljihun maigida kuɗin ke shiga, shi kuwa yaro sai abinci da tufa da abin da aka ga dama aka ba shi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Sai a 1794 aka soke tsarin.

Yaran iri biyu ne. Akwai 'ya'yan manya da ake kawowa su koyi aiki, su zama hafsoshi nan gaba. Nelson, jarumin da Ingila ke taƙama da shi, yana ɗan shekara 12 ya shiga jirgin kawunsa. Akwai kuma 'ya'yan talakawa da bayi, waɗanda hidimarsu hidima ce ta gaske.

A cikin kashi na biyu babu wanda ya yi suna kamar Olaudah Equiano, wanda ya rubuta cewa a ƙasar Ibo aka sace shi yana yaro. Wani laftanar mai suna Michael Pascal ya saye shi a Amurka, ya raɗa masa suna Gustavus Vassa, da yaron ya ƙi amsawa aka yi ta marinsa har ya amsa. Ya bi maigidansa yaƙi da Faransa. A 1759, a yaƙin da aka gwabza daura da Legas ta ƙasar Fotugal (ba tamu ta Ikko ba), aikinsa shi ne kai albarushi bakin igwa, wuta na tashi ta kowane gefe. Ya sa rai in yaƙi ya ƙare za a 'yanta shi. Ina! A Disamban 1762 Pascal ya sayar da shi ga wani kyaftin mai tafiya tsibiran Karibiyan, bayan ya riƙe albashinsa da rabonsa na ganima. Da 'yar kasuwancinsa ya tara fam 40 ya fanshi kansa a 1766, ya fitar da littafin tarihinsa a 1789, littafin da ya ƙara wa masu yaƙi da cinikin bayi ƙarfi.

Bayan kusan shekara ɗari, jiragen yaƙin Ingila suka fara kutsowa koginmu, lokacin an soma haɗa inji da ƙyallen iska a jirgi ɗaya. A 1854 Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, ya dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe, saboda kullum ana shan kwinin. A 1857 ya komo da jirgin Dayspring, wanda ya bugi dutse kusa da Jabba ya farfashe. A cikin jirgin akwai wani laftanar, John Glover. Da jirgi ya mutu, Baturen ruwa ya koma ɗan tudu, bai san hanya ba, bai san harshe ba. Hausawa, galibinsu bayin da suka tsere daga iyayengijinsu, su suka ɗauki kayansa suka raka shi ta ƙasa tsakanin Kwara da Ikko. Da ya zama mai mulkin Ikko, a 1863 ya ba irin waɗannan mutane bindiga, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. Har yau rundunar sojan Nijeriya daga gare su take ƙirga asalinta. A 1873 ya tafi da su yaƙin Asante, wasu suka zauna can, suka ƙara yawan jama'ar zangunan Gana.

Akwai kuma mutum biyu da muka san sunayensu. Dorugu, Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, Abbega kuma Margi ne. Dukansu an kama su bayi tun suna yara, wani Bajamushe mai suna Overweg ya fanshe su. Da ya mutu a 1852 sai suka koma hidimar abokin tafiyarsa, Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Suka bi shi har Tambutu, sannan suka haye teku tare da shi zuwa Ingila a 1855. Can suka zauna wurin Schön, limamin Kirista a asibitin sojan ruwa da ke Chatham. Daga bakin Dorugu Schön ya kwashi Hausar da ya gina littattafansa a kai, har da Magana Hausa na 1885, inda Dorugu ya ba da labarin rayuwarsa da abin da ya gani a Turai. Sunan Schön ne a bango, harshen kuwa na yaron ne. Abbega ya dawo a 1857, ya yi tafinta a Lakwaja, daga baya har ya zama sarkin garin. Dorugu ya dawo a 1864, a ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912.

In ka jera su, za ka ga aiki ɗaya suka yi, sakamako ya bambanta. Wani an sayar da shi bayan ya sa ransa a bakin igwa, wani ya zama sarki. Abin da ya raba su shi ne halin maigida da sa'a, don babu wata takarda da ta tsare wa bara haƙƙinsa.

Mu duba unguwarmu. Yara nawa ake kawowa daga Kano da Katsina da Maraɗi su yi aikin gida ko gadi a Abuja, ko su tsaya a shagon wani a kasuwar Gudu, da alkawarin baki cewa bayan shekara kaza za a sallame su da jari? Wasu ma albashinsu hannun wanda ya kawo su yake shiga, kamar dai yaran kyaftin. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Kafin ka ba da ɗanka, ko ka karɓi ɗan wani, a je gaban mai unguwa ko liman, a rubuta nawa ne, hannun wa za a ba, yaushe za a sallame shi. Allah Ya sa mu fi ƙarfin zuciyarmu.