Ranar Da Igwa Ta Iso Bebeji

Makon nan za mu tsaya a gida, a kan tsohuwar hanyar da ta taso daga Zariya ta ratsa ƙasarmu ta nufi birnin Kano. Musun da ake ta tafkawa a nan kan Rasha da Yukren ne ya sa muka waiwayi wannan hanya, domin tambayar da ake yi, wato me ya kamata sauran ƙasashe su yi idan mai ƙarfi ya fara haɗiye maƙwabcinsa, an taɓa yi wa kakanninmu ita da bakin igwa.

Ranar 29 ga Janairun 1903 Kanar Morland ya fito daga Zariya da sojoji sama da 700, baƙaƙen fata, da yawansu ma Hausawa ne, ƙarƙashin Turawan Ingila talatin da 'yan kai. Suna ɗauke da igwa 4 da bindiga mai jigida 4. Bebeji ne ya rufe musu ƙofa. Aka saita igwa, harsashi ya tarwatsa ƙofar gari, sarkin garin da wasu manyansa suka rasu nan take. Labari ya riga rundunar isa sauran garuruwan da ke kan hanya, babu wanda ya sake tare ta har ganuwar Kano. Ranar 3 ga Fabrairu birni ya faɗi. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya rasu yana kare gidan sarki. Sarki Alu Babba kuwa yana can wajen Sakkwato da mafi yawan dawakinsa, ya je mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi Attahiru.

Kada wani ya ɗauka mutanen kudancin Kano ba su san yaƙi ba. Nan bakin daga ne tun da daɗewa. A Burumburum Sarkin Kano Alwali ya yi tsayuwarsa ta ƙarshe wajen 1807. Bayan haka aka shafe shekaru masu yawa ana fama da harin Ningawa, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya ƙarar da babban ɓangare na mulkinsa yana tsare wannan sashe. Garuruwa irin su Tudun Wada da Rano da Bebeji sun san amfanin ganuwa. Sai dai ganuwar an gina ta ne don doki da mashi da kibiya, kuma wanda ya zo a 1903 ya riga ya gwada igwarsa a kan ganuwar wasu har ya san inda take fashewa.

A nan ne maganar take. Yaƙin Bebeji bai fara a Bebeji ba, ya fara shekara shida kafin nan. A 1897 kamfanin Turawa mai fatauci a kogin Kwara, ƙarƙashin George Goldie, ya auka wa Bida da Ilori. Duka biyun suna ƙarƙashin Gwandu, amma babu rundunar da ta taso daga Gwandu ko Sakkwato. Ranar 1 ga Janairun 1900 Gwamna Lugga ya tsaya a Lokoja ya shelanta cewa Arewa gaba ɗaya tana ƙarƙashin kariyar Ingila, alhali mafi yawan ƙasar bai taɓa taka ta ba. A farkon 1901 aka ci Kwantagora, aka sake cin Bida. A watan Satumba aka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fita. A Fabrairun 1902 Bauchi. Kowace masarauta ta tari yaƙinta ita kaɗai, sauran suna karanta wasiƙa suna jajantawa.

Kuma kowane gari da dalilin da aka kawo don cinsa. Dalilin da aka fi kawowa shi ne kamun bayi, kuma ba ƙarya ba ne. Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya addabi Gwarawa da sauran maƙwabtansa, ya mai da garuruwa kufai. Wanda duk ya san abin da ya yi ba zai yi masa kuka ba. To amma a dubi yadda laifin Nagwamatse ya zama mabuɗin Zazzau. Da aka kore shi daga Kwantagora sai ya shigo ƙasar Zazzau yana ɓarna. Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi Turawa su raba shi da wannan masifa. Suka zo a 1902, suka kama Nagwamatse, suka kafa bariki a Zariya, suka ajiye Razdan. Kafin shekarar ta ƙare sun kama Kwasau kansa, daga baya suka tube shi, ya ƙare rayuwarsa a Lokoja. Daga wannan barikin na Zariya rundunar da ta fasa ƙofar Bebeji ta taso. Mu a ganinmu babu kuskuren da ya kai wannan tsada a duk labarin, kuma Kwasau ba wawa ba ne. Yana da maƙiyi na gaske a bakin ƙofa, ya ɗauka baƙon zai yi aikin ya koma.

Na Kano ma an samo mata nata dalilin. A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya riƙe wannan. Manyansa na Landan ba su so a buɗe sabon yaƙi ba a lokacin, ga shi ba su daɗe da fita daga yaƙin Afirka ta Kudu da ya cinye musu dukiya ba. Ya yi gaba abinsa, da nasara ta samu kuma babu wanda ya ce ya mayar.

Ya kamata mu yi wa sarakunan nan adalci. Daular Usmaniyya ba ta da runduna guda da ke jiran umarni a wuri ɗaya, kowane sarki shi ke tara mayaƙansa, ga nisa tsakanin Yola da Sakkwato. Faransa ta kama Zinder tun 1899, Jamus tana matso Adamawa ta gabas, saboda haka duk wanda ya kwashe mayaƙansa ya tafi taimakon wani ya bar gidansa a buɗe. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka sa wa hannu a Brussels a 1890 ta taƙaita sayar da bindigogin zamani ga wannan yanki na Afirka, wato an ɗaure hannun wanda za a doka tun kafin a fara. Sannan ga tabon cikin gida. Yaƙin Basasar Kano na 1893 zuwa 1895 ya taso ne saboda Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur, Yusufawa suka ƙi, kuma Alu da takobi ya shiga gidan sarautar. Ga yaƙi da Damagaram bayan nan. Duk wannan gaskiya ne. Amma shekara shida lokaci ne mai tsawo, kuma ba a yi amfani da shi wajen haɗa ko da rundunar masarautu uku a wuri guda ba.

Ana iya cewa ko sun haɗu bindiga mai jigida za ta share su. Wataƙila. Sai dai a Habasha an gwada. Sarki Menelik ya shafe shekaru yana sayen bindigogi, ya kuma jawo manyan ƙasar da a da suke gaba da shi, har da Ras Mangasha na Tigre. Ranar 1 ga Maris 1896 a Adwa ya fito da mayaƙa wajen 100,000 ya murƙushe Italiya. Shekara arba'in bayan nan Habashar ta ga ɗaya fuskar al'amarin. Da Mussolini ya mamaye ta a 1935, tsohuwar majalisar ƙasashen duniya da ke Geneva ta la'anci Italiya, ta sa mata takunkumi, amma ta cire man fetur daga ciki, kuma mashigin Suez ya ci gaba da zama a buɗe ga jiragen da ke kai sojoji. Addis Ababa ta faɗi a Mayun 1936. Allah wadai da ba ya taɓa mai ko makami, jaje ne kawai, irin wasiƙun da aka riƙa aikawa bayan faɗuwar Yola.

Yanzu mu zo kan musunmu. Da yawa a cikinmu suna goyon bayan Putin ne don haushin Amurka da Turai, kuma haushin yana da tushe. Waɗanda ke ihu kan Yukren su ne suka auka wa Iraƙi a 2003 da dalilin makaman da ba a taɓa samu ba, su ne kuma ke kau da kai ana gina matsugunai a ƙasar Falasɗinawa. Amma munafuncin mai tsawatarwa ba ya halatta ƙwace. Rasha ta haɗe Kirimiya a 2014, aka yi ɗan takunkumi, Turai ta ci gaba da sayen iskar gas ɗinta. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 ta dawo da tankoki ta nufi Kiyef. Dalilan da ta kawo, na kare masu jin Rashanci da na tsaron iyakarta, ba su fi na kamun bayi ƙarfi ba, kuma ko da gwamnatin Yukren tana da laifuffuka, Nagwamatse ma yana da su. Shi ya sa muke ganin Najeriya ta yi daidai da ta shiga cikin ƙasashe 141 da suka nemi Rasha ta janye a Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 2 ga Maris 2022. Ƙasar da ta miƙa Bakassi ga Kamaru a 2008 don bin hukuncin kotun duniya, alhali ta fi Kamaru ƙarfi, tana da bakin faɗin haka ga kowa, Rasha ce ko Amurka ko Isra'ila. Abin da ya rage shi ne ƙuri'a kaɗai ba ta tare igwa. Wanda aka auka wa yana buƙatar makami tun garin farko, mai mamaya kuma a taɓa abin da yake ci da shi.

Ga yadda ta ƙare da waɗanda suka jira. A ƙarshen Fabrairun 1903 Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi da wani ɓangare na dawakin da suka dawo daga Sakkwato. Alu aka kama shi, ya rasu a Lokoja a 1926. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, aka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli. Katsina ta buɗe ƙofa ba a harba ko harsashi ɗaya ba, duk da haka ba a daɗe ba aka tube Sarki Abubakar. Haɗeja ta ɗaga takobi a watan Afrilun 1906, lokacin da babu sauran masarautar da za ta iya aiko mata da doki ko guda, Sarki Muhammadu ya rasu a cikin garinsa tare da manyan mayaƙansa.